Saminu Bakurane da yayana da ya dawo daga Abijan

Malam Edita,

Ina roƙon ɗan fili in yi magana da ƴan'uwana masu bi, yanzu da muke cikin azumin kwana 40 kafin Ista, muna bin Hanyar Gicciye, wato addu'ar tuna wahalar Yesu mataki-mataki, kowace Juma'a a nan Tawa.

Matakai 14 ne, amma ni a na biyar zuciyata take tsayawa, inda sojoji suka tare Saminu Bakurane suka ɗora masa gicciyen Yesu. Daga ƙauye yake shigowa, bai san hawa ba bai san sauka ba. Garinsu ma yana cikin Libiya ta yau. Duk ranar da aka karanta wurin, yayana nake gani.

Shekara tara ya yi a Abijan, ta ƙasar Kwaddibuwa, kamar sauran ƴan Adar masu ci-rani, yana sayar da garba, wato acake (dambun rogo) da soyayyen kifi, a unguwar Abobo. Sai rikicin zaɓen shugaban ƙasa tsakanin Gbagbo da Ouattara ya ɓarke a ƙarshen 2010, ya ci rai kusan 3,000 kafin a kama Gbagbo ranar 11 ga Afrilun 2011. A wani shinge, samari masu bindiga suka duba takardunsa suka ga baƙo ne. Suka sa shi ya saɓi gawar abokin sana'arsa ya kai bakin kwata. Ya iso gida da rigar jikinsa kaɗai. Muka yi masa barka da arziki, aka yanka zakara, muka ɗauka an gama. Har yau in salansar babur ta fashe da ƙara, sai ya ajiye kofin shayi, hannunsa na ɓari.

Abin da ke damuna shi ne gaggawarmu. Da mutum ya buɗe baki sai mu ce, "Yi haƙuri, ya wuce." Ubangijinmu kuwa a kan gicciye da ƙarfi ya yi kira, "Ya Allahna, don me ka yashe ni?" Bayan ya tashi ma bai ɓoye tabon ƙusa ba, ya miƙa wa almajirinsa Toma hannu ya ce ya duba.

Don haka ina roƙon fada-fada da fastocinmu, in an zo mataki na biyar a dakata, a yi shiru ko na minti biyu ne, a ambaci waɗanda suka tsira daga yaƙi: namu na Kwaddibuwa, da ƴan Sudan da ke zaune a Agadas, waɗanda ƙasarsu take cin wuta tun Afrilun 2023.

Juma'ar da ta wuce na koma bencin baya kusa da yayana, na yi addu'a a hankali: "Ya Yesu, kai da aka yi wa bulala ba da laifi ba, ka san nauyin da aka ɗora wa Yaya a Abobo. Ka kama masa gefe ɗaya." Bai ce amin ba. Sunan abokin nan nasa ya faɗa, sau biyu, sannan ya zauna har aka tashi.

Wata mai karatu,
Tawa