Sun zubar min da magani, sun ce ƙwaya nake sha

Assalamu alaikum Anti.

Ina gaishe ki da aiki, ya iyali? Allah ya saka miki da alheri kan yadda kike sauraron kukan mata a shirin nan. Dan Allah idan za ki karanta wasiƙar nan ki sakaya sunana, dangin mijina duk suna jin shirinki.

Anti, shekaranjiya, ranar Laraba, yayar mijina ta shiga ɗakina ina wajen wanki, ta buɗe jakata ba tare da ta tambaye ni ba, ta ɗauki maganina ta kai kemis ɗin bakin layinmu. Yaron da ke tsaron kemis ɗin, wanda ban san ko sakandare ya gama ba, ya ce mata maganin masu matsalar ƙwaƙwalwa ne. Ta dawo tana salati tun daga zaure. A tsakar gida, gaban matan gidan da yarana, ta ɓarɓare ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya ta zuba a kwata, tana cewa ba a gidansu za a yi shaye-shaye ba, in ma haukacewa na yi a fito a faɗa a kai ni Dawanau. Yau kwana biyu ke nan ban sha ba. Hannuna rawa yake yi yanzu haka da nake rubutun nan, ban san ko rashin maganin ne, ko maganin ne bai gama fita ba, ko kuwa ɓacin rai ne.

Bari in koma baya don ki gane. Shekarata 29, yarana uku, ɗinki nake yi a gida, a Kurna muke zaune a gidan su mijina, gidan yawa ne. Shi baban yara a Kantin Kwari yake, ba shagonsa ba ne, yaron wani Alhaji ne tun kafin mu yi aure. Da muna cikin rufin asiri, har ya fara ajiye 'yan atamfofinsa a gefe yana sayarwa. Ruwan da ya shiga kasuwar a daminar 2022 ya haɗa da kayansa, kuma na bashi ne. Bai gama biya ba aka cire tallafin mai a 2023, komai ya tashi, kuɗin adaidaita sahu ma ya zama abin lissafi. Tun daga nan ya zama mutum mai shiru, in ya dawo sai ya ci abinci ya kwanta. Ba na zarginsa, na san abin da yake ɗauke da shi. Na faɗi wannan ne don ki san me ya sa ban ɗora masa nawa nauyin ba, saboda yanzu abin da ake kama ni da shi ke nan, wai na ɓoye masa.

Ummata ta rasu sati biyu bayan sunan autana. Ita ce ta zo ta yi min wankan jego, ita ke dama min kunun kanwa, ta koma gida ranar Lahadi, ranar Talata aka kira ni. Na yi kuka kamar kowa, aka yi sadakar uku da bakwai da arba'in, kowa ya koma harkarsa. Ni ce ban koma ba. Wata biyar ina zaune kamar an ɗora min dutse a ƙirji. Abinci ba ya min daɗi. In na farka ƙarfe uku na dare shi ke nan har asuba. Keken ɗinkina ya yi ƙura, kayan mutane suka taru, wata ma ta zo ta karɓe leshinta tana faɗa min magana. Yaron zai yi ta kuka ina kallonsa, in ji kamar ba ni na haife shi ba, sai kuma in fashe da kuka don na ji haka. Sallah ma da ƙyar nake tashi, ni da ba na wasa da walaha. An ce rashin tawakkali ne. An ce iska ce. Surukata ta sa aka yi min ruƙiyya sau biyu, aka kawo rubutu da man zaitun da habbatus sauda, na sha, na shafa, kuma wallahi ban raina ko ɗaya ba, har yau ina azkar ɗina safe da yamma.

Ƙanwata da ke karatun aikin jinya ita ta matsa min. Ta ce Yaya wannan ciwon damuwa ne, ciwo ne kamar hawan jini, kuma yana kama mata da yawa bayan haihuwa. Ita ta raka ni wani asibitin gwamnati ranar Alhamis, sati biyu da suka wuce. Gaskiya ne na ce wa baban yara ciwon kai zan je a duba min. Amma ai ina ciwon kan, ba ƙarya na yi ba. Kuma da na ce masa wajen likitan ƙwaƙwalwa za a tura ni, kafin magariba Hajiyarsu ta ji, in ta ji kuma Yaya, wato yayar tasa, ta ji, in Yaya ta ji Kurna ta ji.

Likitan ya daɗe yana min tambayoyi. Ya rubuta min sertraline, miligiram 50, ƙwaya ɗaya kullum da safe bayan na ci abinci. Bai ɓoye min komai ba, Allah ya saka masa. Ya ce satin farko da na biyu za su iya yi min wahala, in ji tashin zuciya, ciwon kai, rashin barci, har damuwar ma ta ɗan ƙaru kafin ta sauka. Ya ce sai an yi sati huɗu zuwa shida kafin in ga amfaninsa sosai, kuma ko na ji sauƙi sai na ci gaba aƙalla wata shida. Ya ce kada in daina kai tsaye ba tare da na dawo wajensa ba. Ya ce ba maganin maye ba ne, ba ya bugarwa. Na ji duk wannan, na ce to. Amma Anti, ji daban, shiga ciki daban.

Ranar Asabar na fara. Kafin azahar zuciyata ta fara tashi kamar mai sabon ciki. Ƙamshin manja in ya shiga hancina sai in fita waje. Kwana uku ina zawo. Bakina ya bushe, harshena kamar tsumma, ina ta shan ruwa ba ya jiƙa. Hamma kuwa ba adadi, ko a sallah, amma in na kwanta barcin ba ya zuwa. Da ƙarfe uku nake farkawa, yanzu ya koma ƙarfe ɗaya, jikina sharkaf da gumi. Abin da ya fi tsorata ni shi ne wani irin rashin natsuwa a cikin jiki, in zauna in tashi, in shiga ɗaki in fito, kamar ana korata. A kwana na biyar na ce bari in gwada ɗinki ko hankalina zai ɗauku, na kasa zura zare a allura saboda rawar hannu. Sai da 'yata mai shekara bakwai ta zura min. A nan matar ƙanin mijina ta gan ni, kuma na tabbata ita ta kai labari, don tun ranar suka fara kallona suna ƙus-ƙus.

Akwai kuma abin da nake jin kunyar rubutawa, amma ke uwa ce. Harkar shimfiɗa. Tun rasuwar Umma abin ya ja baya, amma da na fara maganin sai ya ɗauke gaba ɗaya, kamar jikin ba nawa ba. Likitan bai taɓo wannan ba, ko ya faɗa ban ji ba, don ƙanwata tana zaune a wajen. Daga baya ita ta ce min yana cikin abin da irin wannan magani ke jawowa, kuma ana iya gaya wa likita ya duba ko zai canza. Ta yaya zan buɗe baki in gaya wa namiji wannan? Shi kuma baban yara ya ɗauka ƙinsa nake yi. Ya juya min baya kwana huɗu kafin ma a zo maganar Yaya.

To amma ga abin da ya sa nake kuka. Daga kwana na tara tashin zuciyar ya fara lafawa. Na gane in na ci burodi da shayi sosai kafin in sha, ba ya dama ni kamar da. Ranar Litinin na yi barci har kiran sallar farko. Ranar Talata na share ɗakina na wanke labule, ba wanda ya sa ni. Ban ce na warke ba, nauyin ƙirjin yana nan, amma na ji kamar an ɗan buɗe taga. Kwana goma sha biyu na sha wannan wahalar, na kusa ƙetare wajen da ya fi zafi, sai matar nan ta zo ta zuba a kwata. Da kuɗin ɗinkina na saya, ba kuɗin ƙaninta ba.

Ita Yaya ba yau ta fara ba. Tun aurena ba ta so, akwai 'yar ƙawarta da ta so ya aura. Aurenta ya mutu shekara huɗu ke nan, ta dawo gida ta zama ita ce mai gidan, ko tukunya aka ɗora sai ta leƙa. Lokacin rasuwar Umma kwana ɗaya ta je gaisuwa. Ni kuma ban taɓa ɗaga mata murya ba sai shekaranjiya. Na san za a gaya miki, ko a ce wani ya kira shirin, don haka gara in faɗa da bakina: na ce mata ta je ta nemi mai shan ƙwaya a ɗakinta, ba a nawa ba. Ɗanta na fari ya yi fama da shan maganin tari mai kodin, tun kafin gwamnati ta hana shi a 2018, har yanzu bai dawo daidai ba. Kowa ya sani, ba asiri na tona ba. Bai kamata in faɗa ba, na yarda. Amma mutum a tsaye gaban 'ya'yansa ana kiransa mahaukaci ɗan ƙwaya, me ake so ya yi? Wani lokaci ina cewa ƙila abin ɗan nata ne ya sa duk ƙwayar da ta gani sai hankalinta ya tashi, don garin nan an ga abin da tiramol da kodin suka yi wa yara har da matan aure. Amma ai sai ta tambaye ni. Takardar asibitin tana cikin jakar da ta buɗe, da hatimi da komai.

Da baban yara ya dawo, ba maganar maganin ya yi ba. Maganar gorin da na yi wa yayarsa ya yi, da ƙaryar ciwon kai. Ya ce ba zan sake taka asibitin nan ba sai ya yi shawara da Hajiya, ya ce in je in ba Yaya haƙuri. Jiya Alhamis ce ranar da likitan ya ce in koma, ban je ba.

Na manta ban gaya miki ba, ina shayarwa, yaron watansa bakwai. Na gaya wa likitan, ya ce shi ya sa ma ya zaɓi wannan, don kaɗan ne ƙwarai yake shiga nono. Amma satin nan yaron yana ɗan zawo, Hajiya ta ce gubar da nake sha ce. Ni ina ganin haƙori ne, dasashinsa ya kumbura yana ta cizon hannu. Amma maganar ta zauna min, da dare sai in tashi in sa hannu a ƙirjinsa in ji ko yana numfashi. Kuma ban gaya wa likitan ina shan wani jiƙo da Hajiya ta karɓo min ba, ban san abin da ke ciki ba, saiwoyi ne. Ko shi ya ƙara min tashin zuciyar?

Maƙociyata ta ji abin da ya faru, ta kawo min ragowar nata, amitriptyline, wanda aka taɓa ba ta. Ta ce duk ɗaya ne, nata ma ya fi, don yana sa barci, sai dai bushewar baki da taurin bayan gida. Yana nan ƙarƙashin katifa ban taɓa ba. Ƙanwata ta ce kada in kuskura in sha maganin da ba ni aka rubuta wa ba, ba iri ɗaya ba ne. Amma daren jiya na daɗe ina tunaninsa, don barci nake so ko na awa uku ne. Kuma tunanin nan da na gaya wa likita, na cewa da ma ni aka ɗauka aka bar Umma, ya dawo jiya. Ba wai zan yi wa kaina wani abu ba, ina tsoron Allah, ina da yara. Amma likitan ya ce in har tunanin ya dawo ko ya ƙaru in zo a ranar, kada in jira. Ga shi an hana ni fita.

Dan Allah Anti ki tambayar min likitan da kike gayyatowa. Idan na samu kuɗi na sake saya, daga inda na tsaya zan ci gaba, ko wahalar kwanakin farko za ta dawo sabuwa? Kwana biyun da na rasa sun ɓata na baya? Ba na jin zan iya sake wancan satin a ɓoye, ina amai a bayi ina kunna famfo don kada a ji.

Kuma ni yanzu ba ma wannan ba. Babanmu yana Gwammaja, ya tsufa, tun rasuwar Umma ba ya son hayaniya. In na je na gaya masa, zai kira baban yara, maganar za ta girma, Yaya ta samu abin da take so. In na yi shiru kuma haka zan zauna. Ƙanwata ta ce gobe Asabar za ta zo da sassafe ta ce Baba ne ke nemana, mu wuce asibiti ko ɓangaren gaggawa ne, ƙarya ta biyu ke nan. Ni kuma so nake baban yara ya ɗauke ni da kansa, ya zauna gaban likitan ya ji da kunnensa cewa matarsa ba mahaukaciya ba ce. Wa zan tura masa ya saurara? Limamin masallacin layinmu yana jin maganarsa, amma in na je wajen liman ai na ƙara fitar da maganar gida waje. In ba Yaya haƙuri tukuna ko zai sauko? In na ba ta, kamar na yarda da abin da ta kira ni ne a gaban yarana. Babbar tun shekaranjiya take tambayata, Mama mene ne Dawanau?

Ina jiran amsarki a shirin wannan satin in Allah ya kai mu.

Taki,
Maman yara uku, daga Kurna, Kano.