Shagon askin Legas a Doctor Who da masu cewa surutu ya yi yawa

Assalamu alaikum Malam Edita,

Dan Allah a ɗan sammin fili a shafin wasiƙu in faɗi albarkacin bakina kan wani kashi na shirin Doctor Who na BBC, wanda aka haska ranar 10 ga Mayu 2025, sunansa The Story and the Engine, labarin kacokan a Legas yake faruwa. Nasan wani zai ce ina ruwan Bahaushe da fim ɗin Turawa na mutumin da ke yawo tsakanin zamunna cikin shuɗin akwati, to wallahi da ruwanmu, wanda ya rubuta kashin nan Inua Ellams a Jos aka haife shi a 1984, yana ɗan shekara 12 iyayensa suka koma Ingila da shi. Kuma Jos ɗin nan dai a 2013 aka sanar cewa an tsinto tsofaffin faya-fayan shirin a ɗakin ajiyar wata tashar talabijin da ke garin, guda 9 daga ciki ita kanta BBC ta rasa nata tuntuni, na wajen 1967 da 1968 ne. Kaga kenan tun iyayenmu na samari shirin yake shigowa ƙasar nan.

Ga wanda bai san shi ba, tun 23 ga Nuwamba 1963 ake yinsa. Shi Dakta ɗin ba ɗan Adam bane, daga wata duniyar ya fito, in ya zo mutuwa sai jikinsa ya sabunta ya tashi da wata fuska daban, dabarar da suke canza jarumi kenan shiri ya ci gaba. A wannan kashin Ncuti Gatwa ne Dakta, haifaffen Ruwanda girman Sikotland, shine baƙar fata na farko da aka danƙa wa shirin gaba ɗaya.

Labarin kuwa, Dakta ya sauka Legas a 2019 ya ce bari ya leƙa shagon askin abokinsa Omo, yana ratsa kasuwa yana ganin takardun cigiyar mutane manne a bango, yana shiga sai ya tarar wani baƙon mai aski ya ƙwace shagon ya tsare maza a ciki, su Rashid da Tunde da Obioma har da Omo ɗin kansa. Kowa sai ya hau kujera ana masa aski yana ba da labari, labarin na fitowa kamar zane a jikin taga, ana gamawa sumar ta sake tsirowa nan take, a sake layi. Ashe labaran ne man da injin da ke tafiyar da shagon ke sha, kuma shagon ba a Legas kaɗai yake ba, yana goye a bayan wani ƙaton gizo-gizo na ƙarfe da ke tafiya a sararin da ba kowa.

To mu da muke bin shirin nan ba mu da yawa, ɗan zaurenmu na WhatsApp ne kawai, amma ranar sai da waya ta ɗau zafi. Babban ƙorafin da na fi ji, a wajenmu da ma wajen masu kallo na can, wai surutu ya yi yawa, wai kusan duk kashin a ɗaki ɗaya aka yi, ba gudu ba harbi ba dodo sai mutane zaune suna magana. Ni kuma anan na tsaya, don abun da suke kira aibi shine ainihin abun da aka zo nunawa. Duk wanda ya taɓa zaman jiran layi a shagon aski ranar jajibirin sallah, wuta ta ɗauke an tada janareta, mai aski ya tsaya da kilifa a hannu rabin kanka a aske don sai ya ƙarasa musun ƙwallo, ya san cewa ba aski kaɗai ke kai mutum wajen ba. Ellams ya san wannan sarai, shine ya rubuta wasan daɓe na Barber Shop Chronicles a 2017 wanda shima a shagunan aski na Landan da Legas da Akara da sauran biranen Afirka yake gudana, to mutumin da ya yi wannan kace masa ya rage hira ya ƙaro fashe-fashe ai ka raina masa sana'a.

Wajen da ya fi tsaya min a rai ma ba wani abun mamaki a ciki. An sa Dakta a kujera, kowa na jiran ya kawo labarin yaƙin taurari, sai ya ɗauko labarin abokiyar tafiyarsa Belinda, nas ce, ta gama dutin dare a gajiye tana son tafiya gida amma ta tsaya kan wata tsohuwa mara lafiya har aka ceto ta. Shikenan labarin. Kuma injin ya sha ya ƙoshi. Wani a cikinmu ya ce wannan ai rainin hankali ne, ni kuwa nace duk mai ƴar uwa ko mata da ke aikin asibiti bazai ce haka ba.

Sai maganar launin fata, wadda ita ce ta fi tada jijiyar wuya a can Ingila. Dakta ya gaya wa Belinda cewa tunda ya samu wannan jikin akwai wuraren da yanzu ba a maraba da shi kamar da, amma a shagon Omo ana karɓarsa kamar ɗan gida. Masu ƙorafi suka ce an cusa siyasa a shirin yara. Haba jama'a, mutum ya yi shekara wajen 60 a allo yana farar fata, ya shiga fadar kowane sarki ba mai tambayarsa daga ina, yau ya tashi baƙi kuma a ce kar ya lura da bambanci? Da ya yi shiru da shine ƙaryar. Kuma wannan ne ya sa fushinsa da Omo ya yi nauyi da ya gane cewa Omo ne ya ba da labarinsa ga mai askin da fatan in ya zo su samu kuɓuta, wajen da ka sake jiki nan aka bada kai.

Amma fa ban ce komai ya yi daidai ba. Kayan da aka loda wa minti arba'in da ɗoriya sun fi ƙarfinsa. Mai askin, wanda Ariyon Bakare ya fito a matsayinsa kuma gaskiya ya yi ƙoƙari sosai, da farko ya ce shine su Anansi da Loki da Dionysus, wato allolin tatsuniyoyin al'ummomi daban-daban, daga baya ta bayyana cewa mutum ne da ya yi musu bauta yana tara labarai, ya gina musu hanyar da labaran ke bi suka watsar da shi, shine yake neman ramuwa. Duk wannan da baki aka zayyano shi cikin sauri, in ka ɗan juya ka amsa sallama ka rasa zaren. Ga kuma Abena ƴar Anansi da tsohuwar ƙullatarta da Dakta, har jaruma Jo Martin ta leƙo na ƴan daƙiƙu a matsayin wata tsohuwar fuskarsa, masoya suka yi ta ihu amma ba a ƙarasa zancen ba. Sannan yafiyar ƙarshe ta zo da arha, mutum ya tsare bayin Allah ya raba su da iyalansu, a ƙarshe Omo ya miƙa masa shagon, ko su waɗanda aka tsare ba a bari sun huce ba.

Wani ɗan zaurenmu kuma cewa ya yi shi bazai kalla ba tunda ana zancen alloli. Na girmama ra'ayinsa, amma Anansi na mutanen Akan na Gana gizo-gizo ne mai wayo da zamba, ɗan uwan Gizon da kakanninmu ke mana tatsuniyarsa da dare shi da Ƙoƙi, ba wanda ya taɓa cewa imaninsa ya taɓu don ya amsa ta zo mu ji ta. Ni abun da ya ɗan sosa min rai ma shine an zo har Najeriya, marubuci ɗan Jos, amma aka tsallaka Gana aka aro gizo alhali ga namu, ko da yake na gane Anansi ne duniya ta sani saboda bayin da aka kwasa sun tafi da shi har Jamaika.

Kitson da Abena ta yi wa Dakta kuwa, wanda ta zana masa taswirar hanyar zuwa cikin injin a kansa, ba wanda ya yi musu a kansa, kowa ya yaba. An ɗauko shi daga labarin da ake bayarwa cewa bayi mata a Kolombiya suna ɓoye hanyar gudu a cikin kitso. Masu cewa kasuwar ba ta yi kama da Legas ba suna da ƴar gaskiya, a sutudiyo a Wales aka gina ta, ta cika tsafta kuma ba ƙarar hon ɗin da ya isa, wasu ƴan wasan ma harshensu na Landan na leƙowa, amma ni wannan bai hana ni kallo ba.

Abun haushin shine a 2025 BBC ce ta nuna shi a Birtaniya, a waje kuma manhajar kallon fina-finai ta Disney+ wadda lokacin ba ta aiki a Najeriya a hukumance, wato an yi kashi sukutum a kan Legas amma ɗan Legas sai ya bi ta bayan gida kafin ya gani. Malam Edita dan Allah shafinku na nishaɗi ya riƙa leƙa irin waɗannan, ba kullum wane ya saki wance a Kannywood ba. Su kuma tashoshinmu na talabijin da masu fassara fina-finan Indiya zuwa Hausa, in da hali su nemi izini a hukumance su fassara mana wannan kashin, ɗaki ɗaya ne da mutane ƙalilan, aikin bazai musu wuya ba.

Nagode, Allah ya ƙara basira.

Naku,
Mai karanta jaridarku daga Jos