Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Gwamnan Jihar Kano: Wa Za a Tambaya Idan Ɗan Aji Huɗu Bai Iya Karatu Ba?

Mai Girma Gwamna, Injiniya Abba Kabir Yusuf,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan Allah Ya taya ka riƙo.

Ranar da ka ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, a watan Yunin 2024, ka faɗi abin da gwamnoni ba su cika faɗa da bakinsu ba: ɗalibai sama da miliyan 4.7 a ƙasa suke zama su ɗauki darasi, kuma akwai makarantu kusan 400 da malami ɗaya ne tilo a kowace. Ka kuma ware wa ilimi kusan kashi 30 cikin 100 na kasafin 2024, ka ƙara zuwa 31 a na 2025. Wannan abin a yaba ne. Saboda haka ba ƙarin kuɗi muka zo roƙo ba. Maganarmu a kan hanyar da kuɗin ke bi ce, da hannayen da ke riƙe da makarantar firamare. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba.

Ranka ya daɗe, duba yadda aka rarraba makaranta ɗaya. Albashin malaminta daga kason ƙaramar hukuma ake cire shi, tun kuɗin suna asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, ce ke ɗaukar malamin aiki, ita ke yi masa ƙarin girma. Sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, wanda kowa ke kira ES, shi ke tura shi makaranta, shi ke ɗauke shi. Ginin aji da benci kuwa kwangila ce da ake bayarwa daga hedikwata, da kuɗin da wani ɓangarensa daga Abuja ya fito. Shugaban ƙaramar hukuma yana ganin an zaftare masa kaso mai tsoka duk wata, amma ba shi da ta cewa kan malamin da bai zo aiki ba. Hedimasta, wanda shi kaɗai ne iyaye ke gani ido da ido, ba ya ɗauka, ba ya kora, ba ya riƙe da ko sisi. To idan yaro ya shekara huɗu yana zuwa bai iya haɗa baƙi ba, wa za a kama? Kowa yana da wanda zai nuna da yatsa, kuma kowa yana da 'yar gaskiyarsa. A nan matsalar take.

Mu fara da kuɗin Abuja. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware wa hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, UBEC, kashi 2 cikin 100 na babban asusun kuɗin shigar tarayya. Rabin wannan kuɗi ne ake raba wa jihohi daidai-wa-daida, da sharaɗin jiha ta ajiye kwatankwacin abin da za ta karɓa, SUBEB ta miƙa tsarin ayyukan da za ta yi, a amince, sannan a saki. Sauran rabin ana kasa shi ne kan littattafai da kayan koyarwa, horar da malamai, yara masu buƙata ta musamman da makamantansu. Abu biyu ya kamata a lura da su. Na farko, rabon daidai-wa-daida na nufin Kano mai ƙananan hukumomi 44 tana karɓar abin da jihar da ba ta kai ta rabin ɗalibai ba ke karɓa, don haka wannan kuɗi ba zai taɓa ɗauke nauyin Kano ba. Ƙari ne kawai. Na biyu, ba a biyan albashi da shi, kuma mafi yawansa a gini yake ƙarewa. Gini kuwa shi ne ɓangaren da ya fi daɗin ƙaddamarwa, ya fi kuma saurin lalacewa.

Mun san yadda ajin kwangila ke mutuwa, domin hanyar ɗaya ce. Ana ɗora katakon rufi ba a ɗaure shi da ƙarfe a jikin ginin ba, iskar farkon damina ta ɗauke kwanon gaba ɗaya. Katakon ba a shafa masa maganin gara ba. Daɓen an yi shi da siminti kaɗan a kan ƙasar da ba a daddale ba, kafin zango biyu ya farfashe, yara su koma zama cikin ƙura. Tagogi da ƙofofi na ƙarfe mara kauri, makaranta ba katanga ba maigadi, a ɓalle su cikin dare. Duk wannan yana wucewa ne saboda wanda ke sa hannu cewa aiki ya kammala ba shi zai zauna a ajin ba. Gyaran ba shi da tsada. Kafin a fara aiki, a ba hedimasta da shugaban kwamitin makaranta, wato SBMC, takardar da ta nuna abin da aka biya: aji nawa, kaurin kwano, buhun siminti nawa, benci nawa. Kada a biya kason ƙarshe sai da sa hannunsu. Kashi 5 cikin 100 ɗin da aka saba riƙe wa ɗan kwangila kuwa, a riƙe shi har ginin ya ga damina guda cikakkiya, ba wata shida na rani ba.

Benci ma lissafi ne. Idan yara uku za su zauna a kan benci ɗaya, yara miliyan 4.7 na buƙatar benci sama da miliyan ɗaya da rabi. Babu kwangilar da za ta kawo wannan a shekara ɗaya ko biyu, kuma wanda aka loda a mota daga birni zuwa Doguwa ko Sumaila, wani tun a hanya ƙafarsa ke saki. A bayan ajujuwa da yawa akwai tarin karyayyun bencina da ƙusa da katako ɗaya za su tayar. Kafintan garin zai gyara su da araha, kuma ba zai yi algus ba tunda ɗansa a kai zai zauna. Abin da ya hana shi ne makarantar ba ta da kuɗin da za ta kira shi.

Wannan ne ya kawo mu kan abin da muka fi so ka duba. Tun da aka ayyana ilimi kyauta kuma dole a Kano a 2019, aka hana karɓar kuɗi daga iyaye. Manufar mai kyau ce. Amma alli, rajistar kiran suna, takardar jarrabawa, tsintsiya, buta, kwaɗon ƙofa, gyaran famfon tuƙa-tuƙa, duk kuɗi suke ci kullum. Inda babu kuɗin gudanarwa da ke zuwa a kan kari, ɗayan biyu ne: ko hedimasta ya cire daga albashinsa, ko a dawo da karɓar kuɗi ta bayan gida da wani suna. Muna roƙon a yanka wa kowace makaranta kuɗin gudanarwa bisa yawan ɗalibanta, ya shiga asusun makarantar kai tsaye a makon farko na kowane zango, ba ta ofishin ES ba. Masu sa hannu biyu: hedimasta da shugaban SBMC. A rubuta abin da ya shigo da abin da aka kashe a manna a bangon ofis, a karanta wa iyaye da Hausa a taron ƙarshen zango. Ba baƙon abu ba ne a jihar nan, domin shirin AGILE na Bankin Duniya ya riga ya bi ta asusun makarantu da kwamitocinsu wajen gyaran makarantun sakandare.

Inda wannan tsari ke lalacewa ma sananne ne, gara a toshe tun farko. Da zarar kuɗi ya dogara da yawan ɗalibai, rajista za ta kumbura. Don haka ba adadin da aka cike a fom ɗin ƙidayar makarantu ta shekara za a bi ido rufe ba; a riƙa shiga makarantu ba sanarwa a ƙirga kawuna, a gwada da rajista. Sannan SBMC ɗin da hedimasta ya zauna ya rubuta sunayen abokansa ba kwamiti ba ne. A zaɓe su a bainar jama'a, da mai unguwa ko dagaci, da liman, da iyaye mata na gaske, ba suna a takarda ba.

Sai malamai. Mayar da dubban malaman wucin-gadi na shirin ilimi na BESDA ma'aikatan dindindin ya rage gibi. Amma ɗauka daban, rabawa daban. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare, wato makaranta mai yara 600 na buƙatar malamai 17. Idan aka raba jimillar ɗaliban jiha da jimillar malamai, lissafin yana ɓoye makarantar da ke da malami ɗaya, yana kuma ɓoye wadda malamai suka yi cincirindo a ƙarƙashin bishiya ba su da aji. Yadda abin ke faruwa: a tura sabon malami ƙauye, ya yi wata uku, ya kawo 'yar takarda daga wani babba, a dawo da shi Tarauni ko Gwale ko Nasarawa. Wani sunansa na kan baucar makaranta, wato takardar biyan albashi, shi kuwa yana zaune a ofis, ko yana bin wani ɗan siyasa. Muna ganin a yanke wa kowace makaranta adadin gurbinta, a ɗauki malami don wannan gurbin, da fifiko ga ɗan yankin mai takardar NCE, ya sa hannu zai yi aƙalla shekara uku. Kada a amince da canjin wurin aiki sai wanda zai maye gurbin ya iso. A kuma saka alawus na gaske ga masu aiki a nesa, wanda ke tsayawa ranar da mutum ya bar wurin. Malamin da kuɗin mota ke cinye masa kaso mai yawa na albashi ba wa'azi zai zaunar da shi ba.

Ba muna kiran a yi irin ta Kaduna ba, inda a 2017 aka yi wa malamai kusan 33,000 jarrabawa aka sallami 21,780. Gwada malami daidai ne, amma korar da babu ƙwararren da ke jiran gurbin, aji take bari fayau. A gwada don a san wa ke buƙatar wane horo, kuma horon ya zama a makaranta, da mai bibiya, ba bitar kwana uku a otal ba.

Mai bibiyar kuwa shi ne jami'in duba makarantu na ofishin ES, wanda sau da yawa ba shi da babur, ko yana da shi ba mai. Idan hedimasta ne zai ba shi kuɗin komawa gida, rahotonsa ya gama rubutuwa tun kafin ya shiga aji. Kujerar ES kanta ta dace da gogaggen malami da aka tantance, a ba shi wa'adi da abin da za a auna shi da shi, ba ladan wahalar zaɓe ba.

Me za a auna? Yawan ajin da aka yi wa fenti ba sakamako ba ne. Binciken MICS na 2021, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da UNICEF, ya nuna kusan kashi 27 cikin 100 ne kawai na yaran Najeriya 'yan shekara 7 zuwa 14 ke iya karatun matakin farko, lissafi kuma kusan kashi 25. Gwajin da zai nuna matsayin kowace makaranta bai wuce takarda ɗaya ba: haruffa, kalmomi, gajeren sakin layi, ɗan labari da Hausa, sai lambobi da tarawa da ɗebewa. Minti kaɗan ne ga kowane yaro. An riga an yi amfani da wannan hanya a Wudil da Dawakin Tofa ƙarƙashin shirin koyar da karatu da lissafi na KaLMA da aka fara a 2019, inda ake kasa yaran aji huɗu zuwa shida bisa abin da suka iya, ba bisa ajinsu ba, a ware musu lokaci kullum. Malaman da suka koyi aikin suna nan. A gwada yara a farkon shekara da ƙarshenta, wanda zai gwada ya zo daga wata makarantar, a buga sakamakon kowace ƙaramar hukuma tare da adadin malamanta da kuɗin da ta samu. Ranar da ES na Bichi ya ga sunansa kusa da na Rano a takarda ɗaya, iyaye ma suka gani, an sami wanda za a tambaya.

Akwai kuma abin da ke tafe. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Duk ranar da wannan ya tabbata sosai, hanyar da ake cire albashin malamai a yau ta toshe. An taɓa gani: a 1991 gwamnatin soja ta rushe hukumar ilimin firamare ta ƙasa ta miƙa makarantu ga ƙananan hukumomi, albashi ya maƙale, yajin aiki ya yawaita, har aka dawo da hukumar a 1993. A 2025 ma malaman firamare na Abuja sun shafe sama da wata uku suna yajin aiki saboda ƙananan hukumomin birnin ba su biya su sabon mafi ƙarancin albashi ba. A Kano ƙananan hukumomin cikin birni masu ɗimbin malamai ne za su fara jin jiki, domin albashin zai lashe mafi yawan kasonsu. Muna roƙon ka zauna da shugabannin ƙananan hukumomi 44, da ƙungiyar malamai ta NUT, da Majalisar Dokoki, a fitar da doka tun yanzu: albashin malamin firamare shi ne abin da za a fara fitarwa daga kason kowace ƙaramar hukuma, a fayyace abin da jiha za ta cika wa wadda kasonta bai kai ba, kuma baucar kowace makaranta ta zama a buɗe ga shugaban ƙaramar hukumar da kwamitin makarantar, su tabbatar sunayen da ake biya su ne mutanen da ke shiga aji.

Allah Ya yi maka jagora. Wassalam.

Naka,
Wasu tsofaffin shugabannin makarantun firamare da jami'an duba makarantu, Jihar Kano.