Ƙuri'a 312 Da Ta Raba Gardamar Kujerar Sanata A Minnesota

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida mai farin jini in yi tsokaci a kan yadda ake warware rikicin zaɓe idan ratar da ke tsakanin 'yan takara ba ta taka kara ta karya ba, kuma zan kafa hujja da zaɓen sanata da aka yi a jihar Minnesota ta Amurka ranar 4 ga Nuwamba, 2008.

A wancan zaɓe, Sanata Norm Coleman na jam'iyyar Republican, wanda ke kan kujerar, ya kara da Al Franken na Democrat, mutumin da aka fi sani da wasan barkwanci a talabijin. An kaɗa ƙuri'a kusan miliyan 2.9, amma da aka gama tattara sakamako sai aka tarar Coleman yana gaba da ƙuri'a 215 kacal. Dokar jihar a lokacin ta wajabta sake ƙirge idan rata ba ta kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba, ko da babu wanda ya nema. Saboda haka daga 19 ga Nuwamba ma'aikata suka zauna suna ɗaga ƙuri'u ɗaya bayan ɗaya da hannu, wakilan 'yan takara suna tsaye a kansu, kuma duk wadda wani wakili ya ƙi amincewa da ita sai a ware ta gefe.

Ƙuri'un da aka ware sun je gaban wani kwamiti mai mutum biyar, wato sakataren jihar, Mark Ritchie, da alƙalai huɗu, waɗanda suka duba su a bainar jama'a. Wata daga cikinsu har yau ana ba da labarinta: mai ita ya cike gurbin Franken, sannan a layin da aka bari don rubuta sunan wani ɗan takara ya rubuta kalmomin da ke nufin "mutanen ƙadangare". Abin dariya ne, amma alƙalan ba su ɗauke shi wasa ba. Sun yanke cewa mutumin ya zaɓi 'yan takara biyu, aka soke ƙuri'ar, Franken ya yi asararta. Akwai kuma wani ambulan mai ƙuri'a 133 da ya yi ɓatan dabo a wata rumfa a birnin Minneapolis, kuma da aka neme shi aka rasa, kwamitin ya amince da adadin da na'ura ta ƙirga a daren zaɓe. Ranar 5 ga Janairu, 2009, aka bayyana cewa reshe ya juye da mujiya, Franken ne ke gaba da ƙuri'a 225.

Coleman ya garzaya kotu, yana cewa gundumomi ba su bi ma'auni ɗaya ba wajen watsi da ƙuri'un waɗanda suka aiko da nasu ba tare da zuwa rumfa ba. Alƙalai uku suka saurari ƙarar, suka ba da umarnin buɗe wasu daga cikin ambulan ɗin da aka yi watsi da su, sai ratar ta ƙaru zuwa 312. Kotun Ƙolin jihar ta tabbatar da hukuncin ranar 30 ga Yuni da bakin alƙalai biyar, domin biyun da suka zauna a kwamitin ƙirge sun janye jikinsu. A ranar Coleman ya amsa shan kaye, aka rantsar da Franken ranar 7 ga Yuli. Ba zan ɓoye aibin tsarin ba: wata shida kujerar tana zaune babu kowa, ɗaya sanatar Minnesota, Amy Klobuchar, ita kaɗai take wakiltar jihar a majalisar dattawa.

Abin da ya sa na kawo wannan labari shi ne, a dukan watannin nan takardar ƙuri'a ce babbar shaida. A nan Najeriya kuwa, mai ƙorafi yana da kwana 21 ya shigar da ƙara, kotun sauraron ƙararrakin zaɓe tana da kwana 180, Kotun Ɗaukaka Ƙara kuma, wadda daga ita shari'ar sanata ba ta wucewa, tana da kwana 60, amma mafi yawan wannan lokaci yana ƙarewa ne a jayayyar lauyoyi kan takardun sakamako da shaidu da ƙa'idojin shigar da ƙara, ba kasafai ake kwance ƙullin ƙuri'u a ƙirga ba. Gaskiya ne dokar zaɓe ta 2022 ta ba ɗan takara ko wakilinsa damar neman a sake ƙirge a rumfa sau ɗaya. To amma na taɓa zama wakilin jam'iyya a rumfa, na kuma ga yadda ake ƙirgen bayan magariba da hasken fitilar waya, kowa ya gaji. A wannan sa'a babu wanda ya san cewa ƙuri'a goma ta rumfarsa ce za ta raba gardamar mazaɓa guda.

Don haka ina kira ga 'yan Majalisar Tarayya su sa a doka cewa idan rata ta gaza wani adadi da za su ƙayyade, hukumar zaɓe ta sake ƙirga dukan ƙuri'un mazaɓar da hannu, a gaban wakilan jam'iyyu da 'yan jarida, kafin ta miƙa wa kowa takardar shaidar cin zaɓe, kuma a yanke wa aikin wa'adi don kada kujera ta daɗe babu mai ita. Wannan ba zai yiwu ba sai an tsare ƙuri'un tun daga rumfa, a liƙe ambulan a gaban wakilai su sa hannu a bakinsa, a kuma rubuta sunan duk jami'in da ya karɓe shi har ya isa ma'ajiya.

Na gode.

Mai karanta jaridarku a kullum,
daga Zariya.