Takardar Koke Ga Mai Martaba Sarkin Zango Kan Ajiya Da Ƙidayar Ƙuri'un Zaɓe Na Musamman

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Zango,
Ta hannun Waziri da 'yan majalisar fada.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya, da addu'ar Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da imani, mu talakawanka, dattawan unguwa da limamai da iyaye mata da shugabannin matasa, muna neman izini mu shigar da kukanmu gabanka. Mun san fada ba ofishin zaɓe ba ce, kuma mun san Mai Martaba uba ne ga ɗan kowace jam'iyya. Dalilin zuwanmu ke nan, domin abin da ya faru a daren Asabar, 7 ga Disamba 2024, a wurin tattara sakamakon mazaɓarmu, bai tambayi 'ya'yanmu jam'iyyarsu ba kafin ya faɗa musu.

Kamar yadda Mai Martaba ya sani, dokar zaɓe ta Gana ta ba jami'an tsaro da ma'aikatan zaɓe da 'yan jarida damar jefa ƙuri'a kafin ranar zaɓe, tunda su a ranar suna bakin aiki, wannan shi ake kira zaɓe na musamman. A wannan karo an yi zaɓen nasu ranar Litinin, 2 ga Disamba, kuma mutanen da ke cikin rajistarsa a faɗin ƙasa sun haura dubu 130. Ba a ƙidaya waɗannan ƙuri'u a ranar. Ana rufe akwati da hatimin Hukumar Zaɓe, kowane ɗan takara da ya so ya ƙara nasa hatimin, sannan a kai shi ajiya, galibi ofishin 'yan sanda, sai an rufe rumfuna da ƙarfe 5 na yammacin babbar rana a ɗauko shi a buɗe. Wato akwatin namu ya kwana biyar a inda idon jama'a bai kai ba.

A daren da muke magana, Allah ya ba ka nasara, akwatunan rumfuna sun riga sun hallara, an yi sallar isha'i da daɗewa, amma akwatin zaɓe na musamman bai iso ba, kuma babu wanda ya fito ya gaya wa mutane dalili. Da ya iso, a bayan mota aka sauke shi, ba tare da wakilin ɗan takara ko ɗaya ya rako shi ba. Wani wakili ya duƙa ya duba hatimin roban da ke jikin murfin, ya ce lambar ba ta yi daidai da wadda ya rubuta ranar Litinin ba. Mai yiwuwa shi ne ya yi kuskuren rubutu, domin a bayan wata tsohuwar takardar kamfe ya rubuta ta da biro. Magana ce da za ta mutu nan take da a ce an ɗauko takardar da aka rubuta lambobin a ranar farko an karanta kowa ya ji. Ba a ɗauko ba. Amsar da aka ba shi ita ce ya matsa baya, aka ja akwatin zuwa wani lungu, aka shiga ƙirga da hasken tocilan waya, jama'a na hangen bayan mutane kawai.

Kafin a gama ƙirgar, saƙon murya ya riga ya zagaye WhatsApp cewa an sauya akwati. Matasa suka taso daga layuka, aka fara jifa, aka harba barkonon tsohuwa. Wani yaro ɗan koyon ɗinki, wanda ko shekarun zaɓe bai kai ba, an kai shi asibiti da rotse a ka. Wata baiwar Allah mai sayar da koko da ƙosai a bakin wurin ta rasa tukwanenta da jarinta a cikin turmutsutsu. An kama samari, iyayensu suka yi ta sintiri tsakanin gida da caji ofis. Washegari kuma abin da aka yi ta faɗa a gari shi ne 'yan Zango sun sake tayar da hankali. Ranka ya daɗe, wannan kalma ta fi jifan yi mana ciwo, domin babu wanda ya tambayi abin da ya sa akwati ya makara, ko inda takardar lambobin ta shiga.

Muna so Mai Martaba ya shaida cewa ba mu ce an yi maguɗi ba, kuma ba mu zo neman a sauya sakamakon kowa ba. Ba ma jayayya da hukuncin Kotun Ƙoli na watan Nuwamba 2016, lokacin da wasu suka nemi a riƙa ƙidaya waɗannan ƙuri'u a bayyana sakamakonsu a ranar da aka jefa su, kotu ta ƙi. Mun fahimci hikimar hakan. Idan aka ji tun ranar Litinin wanda sojoji da 'yan sanda suka zaɓa, labarin zai rinjayi masu zaɓen ranar Asabar, kuma zai fallasa ra'ayin jami'an da ake so su tsaya tsakani. Amma idan doka ta ce a jira, to wajibi ne a tsare amanar kwanakin jiran a idon mutane. A rumfar unguwa, kowa na tsaye ake zazzage akwati, a ware, a ƙirga da babbar murya, wakilai su sa hannu a takardar sakamako. Akwatin da ya fi kowane daɗewa a ɓoye shi ne ya fi buƙatar irin wannan fili, sai ga shi shi ne aka ƙirga a lungu.

Ba yau muka fara magana ba. An yi zama a ƙofar masallaci, an aika wakilai, an rubuta takarda, an ce mana za a duba, aka sake cewa za a duba. Kowane zagaye da nasa abin da ke ƙara wa mutane zargi. A 2016 jami'ai da yawa sun je ba su ga sunayensu a rajistar ba, har sai da aka ƙara rana ta biyu, 4 ga Disamba. A 2024 an ɗage zaɓe na musamman a Jihar Gabas da Jihar Yamma zuwa 5 ga wata, bayan an ga wata takardar ƙuri'a a waje, aka janye takardun jihohin biyu aka sake bugawa. Mun yaba da aka fito fili aka faɗa, to amma talakan da ya ji an ga ƙuri'a a waje, sannan ya ga akwati ya iso da dare babu ɗan rakiya, me ake so ya yi tunani? Kuma ba mu manta da rayukan da aka rasa a wurin tattara sakamako na mazaɓar Techiman ta Kudu a 2020 ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Saboda haka muke roƙon Mai Martaba, da girman kujerarsa, ya gayyaci baturen zaɓe na mazaɓarmu da shugaban 'yan sanda na yanki da shugabannin jam'iyyu zuwa fada, a yi mana bayanin abin da ya faru a wannan dare, a kuma kawo takardar lambobin hatimin a nuna. Muna roƙo daga yanzu, a ranar zaɓe na musamman, da zarar an rufe, a rubuta adadin waɗanda aka tantance da na'ura, da adadin takardun ƙuri'a da aka bayar da waɗanda suka lalace da waɗanda suka rage, da lambar kowane hatimi, wakilai su sa hannu, kowa ya tafi da kwafinsa, a manna ɗaya a bango. Wannan bai bayyana wanda aka zaɓa ba, don haka bai saɓa wa hukuncin kotu ba. Muna roƙo a bar wakilan 'yan takara su raka akwatin zuwa wurin ajiya, su kuma rako shi ranar ɗaukowa, a sanar da lokacin tun da wuri, kuma ya iso kafin duhu. A karanta lambobin da babbar murya kafin a yanke hatimi. A ƙirga shi a tsakiyar zaure, a kan tebur, da fitila mai kyau.

Muna kuma roƙo a yi wa jama'a bayanin wannan tsari da Hausa, a masallatai ranar Juma'a da gidajen rediyo, kafin zaɓe ba bayan an yi ɓarna ba, domin da yawa daga cikin yaran da suka fito a daren nan ba su ma san doka ce ta hana ƙirga akwatin ranar Litinin ba. Idan Mai Martaba ya ga ya dace, a miƙa kwafin wannan koke ga Majalisar Zaman Lafiya ta Ƙasa da ofishin Babban Limamin Ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, waɗanda kullum ake zuwa wurinsu a sa matasanmu su yi alkawarin zaman lafiya. Mun ɗauki alkawarin, kuma za mu sake ɗauka, amma a haɗa da alkawarin masu riƙe da akwati.

Sannan muna roƙon fada ta sa baki a kan samarin da aka kama, a tantance mai laifi da wanda tsautsayi ya ritsa da shi, a kuma duba halin yaron da aka ji wa rauni da matar da ta rasa jarinta. Muna maimaita roƙon a kawo takardar lambobin nan fada. Idan tana nan, a nuna mana. Idan ba a rubuta ta ba, a gaya mana gaskiya a gaban Mai Martaba.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nasara.

Mu ne masu biyayya gare ka,
Dattawan unguwa, limamai, Magajiya da iyaye mata, da shugabannin matasan Zango.