Zuwa ga Mikko (Sarkin Ƙabila) da Majalisar Ƙabilar Alabama-Coushatta: A Ɗauki Tsofaffin Masu Jin Yaren Aiki

Ranka ya daɗe, tare da 'yan majalisarka masu girma, ina gaisuwa.

Duk Amurka an san jihar Alabama da kogin Alabama, amma kaɗan ne suka san cewa masu sunan, 'yan asalin ƙasar tun kafin zuwan Turawa, suna raye a gundumar Polk, kusa da Livingston a gabashin Teksas, kuma suna da yarensu, wato yaren Alabama. Kakanninku sun fara ƙaura yamma bayan 1763, lokacin da Faransa ta bar yankin wa Ingila, suka bi ta Luwiziyana har suka shiga dajin Big Thicket. A 1854 Teksas ta ba su eka 1,280, da taimakon Sam Houston, sanatan Teksas na lokacin. A 1954 gwamnatin tarayya ta zare hannunta daga lamarinku, sai 1987 ta dawo ta amince da ku. Duk wannan ɗawainiya da yaren a bakinku kuka sha ta. Yanzu da aka samu natsuwa ne yake neman kuɓucewa, don mafi yawan masu jin sa sosai dattawa ne.

Rubutu dai an yi shi. Cora Sylestine, 'yar ƙabilarku kuma malamar makaranta, ta kwashe shekaru tana tattara kalmomi, ta haɗa kai da Heather Hardy da Timothy Montler, ƙamus ya fito a 1993 bayan rasuwarta. Aiki ne babba, kuma ba kowane ƙaramin yare ke da irinsa ba. To amma yarenku na dangin Muskogi ne, inda aikatau yake sauya kama daga cikinsa: a ja wasali, a ɗaga murya, wani lokaci a cire gaɓa ɗaya daga tsakiyar kalma don a nuna abin da yawa ne. Yaro ba zai kama wannan daga takarda ba. Sai kaka ta aike shi ɗebo ruwa, ya kawo kofi, ta yi masa dariya ta maimaita maganar har ya gane.

Shi ya sa roƙona ɗaya ne. Ku ware kuɗi daga abin da gidan cacarku na Naskila ke shigowa da shi, wanda hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 2022 ya ƙara wa tsayuwa, ku ɗauki dattawan nan aiki da albashi cikakke. Kowace tsohuwa a haɗa ta da matasa biyu ko uku, su ma ana biyan su, su wuni tare a girki da saƙar kwandon ganyen itacen fayin da zuwa kasuwa, ba Turanci ko kalma ɗaya. Matashin da ke neman kuɗin haya ba zai bar aikinsa ya zo aji kyauta da yamma ba, komai kishinsa. 'Yan ƙabilar Cherokee a jihar Oklahoma sun gane haka, suna biyan manya su shekara biyu suna koyo wurin masu yaren, kuma suna da makaranta a Tahlequah da ake karantarwa da yarensu zalla. Ku ba ku kai su yawa ba, amma ƙanƙantarku ma riba ce, don kowa ya san gidan kowa.

Kada a ce me ya shafi Bahaushe. A wajenmu harshena ne mai haɗiyewa. A ƙasar Bauci yaren Ajawa ya ɓace gaba ɗaya, masu shi suka koma Hausa, ba da yaƙi ba, iyaye ne kawai suka daina yi wa 'ya'yansu magana da shi.

Dokar Esther Martinez ta 2006 ta tanadi tallafin tarayya don irin wannan aiki, ku nema. Amma kada ku jira Washinton kafin ku fara. Ku sa albashin a kasafin bana, ku fara da ɗakin renon ƙananan yara.

Naku da girmamawa,
Wani malamin Hausa daga Bauci