Gyara Zama, Na Sayi Jirgi

Yelwan Yawuri,
Jihar Kebbi.

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, yaya iyali, yaya aiki, yaya kuma sanyin Jos? Mu ma nan hunturu ya kankama, hazo ya kwanta a kan ruwa, da safe ko tsallake ba a hangowa sai hantsi ya dubi ludayi. Na daɗe ban rubuto ba, laifin nawa ne, amma in ka ji abin da ya ɗauke mini hankali za ka yi mini uzuri.

Gyara zama. Na sayi jirgi.

Na san dariya kake yi. Ni ɗin nan da Inna ke karta wa ƙafa da farce in mun dawo gida, in wurin ya yi fari ta san iyo muka je, sai tsumagiya. Ni da kake tsokana wai ko a jirgin fito ido rufe nake ƙetarewa. To yau ga ni da nawa: kwale-kwale na katako, na hannu, yana ɗaukar mutum shida a sake, da inji Yamaha mai doki 15 a gindinsa. Babur ɗina ya tafi a kansa, haka kusan rabin shinkafar da na samu a fadama bara. Uwargida ta yi kwana uku ko ci kanka ba ta ce mini ba.

Ba masunci zan zama ba, su gado ne, na Sarkawa ne. Shekara 22 ke nan ina tashi daga makaranta in zauna bakin ruwa ina kallon mutane suna fita suna dawowa. Abin da nake so kawai in sami na miya, in ya yi rara a sayar, ranar da babu aiki kuma in ɗebi yara mu sha iska.

Saura ƙiris in tafka asara tun kafin in jiƙa ƙafa. Wani dillali ya kai ni ganin wani jirgi da aka kife a tudu, an shafe shi da shuɗin fenti yana ta ƙyalli, har da rubutun "Allah ba mu sa'a" a gefe. Ina ganinsa na ji ya shiga raina. Allah ya taimake ni na tafi da Kawu, ƙanen mahaifiyar uwargida, ka tuna shi, Basarken nan mai gajeren gemu da ke ba mu soyayyar ƙarfasa muna yara. Bai ko dubi fentin ba. Ya zaro 'yar wuƙarsa ya bi mahaɗin katakai yana tsikara, ya zo wajen gindi inda ake ɗaura inji, wuƙa ta nutse kamar a cikin dafaffen rogo. Ruɓaɓɓe ne, an cusa tsumma an bi da kwalta an rufe da fenti. Ya mayar da wuƙarsa kube, ya ce da dillalin, "Malam, a sa mana shi a ruwa ya kwana, gobe mu zo mu ga abin da ya sha." Dillali ya fara kame-kame, wai mai shi ya yi tafiya. A hanya Kawu ya ce mini wanda ya sayi jirgi a tudu ya yi cinikin biri a sama.

Wanda na saya ɗin a wani ƙauye ne ta wajen Ngaski, wurin wani dattijo da 'ya'yansa suka tafi birni, shi kuma ƙarfi ya ƙare. Ba shi da kyan gani ko kaɗan. Fenti ya koɗe, ga faci biyu a gefe, ga ƙarnin kifi ya kama katakon. Amma a ruwa muka same shi, kuma ruwan da ya tara a kwana guda bai cika ƙwarya biyu ba. Kawu ya ce babu jirgin katako da ba ya tsatsa, abin dubawa shi ne yawan abin da yake sha da kuma ta inda yake sha.

Sai aka zo kan inji, nan ne na gane cewa shi ne cinikin, katako rakiya ce. Mun je da wani makanike, yaro ne amma ya san hannunsa. Kafin kowa ya taɓa igiya ya buɗe murfi ya ɗora tafinsa a kan injin. Na tambaye shi dalili, ya ce masu wayo kan ɗumama inji kafin mai saye ya iso, don mai ciwo ma in ya yi zafi yakan tashi bugu ɗaya. Wannan da sanyinsa muka same shi. Ya ja igiyar a hankali yana sauraron nauyinta a hannunsa, ya ce in ta zo sakwaf babu turjiya, to cikin injin ya cinye. Ya kwance fulogi biyun ya duba bakinsu, ba su jiƙe da mai ba, ba su yi baƙi ƙirin ba. Sannan ya sassauta wani ɗan noti a can ƙasa kusa da farfela ya tari man giya a murfin kwalba. Ya ce in ya fito fari-fari kamar koko, ruwa na shiga, kuma sau da yawa zaren koma ne ke naɗewa a bayan farfela ya yanke robar da ke tare ruwan. Namu ya fito da duhunsa, ya tsufa dai amma babu ruwa.

A ja na uku ya tashi. Ni ina ta murna da ƙara, su kuwa duk sun leƙa baya suna jiran abin da Kawu ke kira fitsarin inji, wato ɗan ruwan da ke tsartuwa ta wata ƙaramar kafa. Da ruwan kogi injin ke sanyaya kansa, wata 'yar roba mai fukafukai ce ke tura shi sama, in ta mutu ba ka lura ba inji ya ƙone a hannunka. Namu yana tsartuwa, amma da rauni. Da wannan muka rage wa dattijo kuɗi. Ya yi albarka sau biyu, a na uku ya sallama, aka tafa, aka yi addu'a a gaban shaidu, malamin ƙauyen ya rubuta mana takarda har da lambar da ke jikin injin, don satar inji ba baƙon abu ba ne a bakin ruwa.

Yanzu bari in ba ka abin dariyar, tunda na san shi kake jira. Mako biyu Kawu na koya mini tuƙi, sai na ga ai na iya. Wata Asabar bayan la'asar na ɗauki babban ɗana muka fita mu biyu. Na murɗa mai, iska na dukan fuskata, ina jin kaina kamar mai tsere a bikin Rigata. Sai ji na yi gum! Jirgi ya yi tsalle, yaro ya kife a kan koma. Inji na ta kururuwa amma ko taku ɗaya ba ma yi. Kututture muka hau. Ka san tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya haɗiye gonaki da garuruwa, har tsohuwar Bussa, aka tashi Gungawa daga tsibiransu aka sake musu matsuguni. To itatuwan da ruwan ya rufe da yawansu suna nan tsaye a ƙasa har yau, suna jiran irina. Masu ruwan sun san mazaunin kowanne kamar yadda ka san lungunan unguwarku. Ni kuwa sai da na ji a jikina. Robar da ke cikin farfela ce ta saki, fiffike ɗaya kuma ya lanƙwashe.

Da filafili muka dawo, ni da ban taɓa tuƙa shi na minti goma ba. Muna zagaya wuri ɗaya kamar jakin da aka ɗaure a turke, ga magariba ta kawo jiki, ga tunanin dorina ya cika mini ciki, don har yanzu akwai su a yankin nan. Wasu samari masu dawowa daga duba mamari suka ɗaura mana igiya suka ja mu. Har muka iso gaci ba su yi dariya ba, Allah ya yi musu albarka, amma washegari duk kasuwar kifi an san labari. Kawu bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi ruwan da na gani yau ba shi zan gani bayan wata uku ba. Farin ruwa na damina daban, baƙin ruwa da ke isowa da rani daga can ƙasar Gini daban, kuma duk sanda ruwa ya ja, kututturen da ka wuce ta kansa lafiya jiya shi zai fasa ka gobe.

Wani abin da ban lissafa da kyau ba shi ne mai. Irin wannan inji ba ya shan fetur zalla, sai an haɗa masa da baƙin mai, rabin lita a cikin lita 25. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, masunta da yawa sun koma kashe inji su kama filafili in sun isa wurin kamun kifi, wasu ma sun jingine injin a ɗaka. Ni ma na koyi lallaɓa hannu. Rabin maƙura ya ishe ni, ba sauri nake ba.

Na kuma sayi rigunan ruwa shida, masu hana nutsewa, har ana yi mini ba'a wai malamin makaranta ya zo da tsoronsa. Su yi ta yi. Ban manta da Wara ba, watan Mayun 2021, da jirgi ya ɗauko mutum fiye da 150 ya tsage a tsakiyar ruwa, aka yi kwanaki ana tsamo gawa. Da sharaɗin rigunan nan uwargida ta sauko, da kuma cewa ba fita bayan faɗuwar rana. Jumma'ar da ta wuce har ta yarda ta shiga, ta ƙanƙame gefen jirgi tana salati, da muka dawo kuma ta ce yaushe za a sake.

Kifi fa? Kada ka sa rai da giwan ruwa irin wadda ake ɗagawa a Matan Fada ranar gasar Argungu. Birgi, komar nan da ake jefawa, ya gagare ni, duk jifar da na yi a dunƙule yake faɗawa. Da ƙugiya nake lallaɓawa. Babban kamuna zuwa yau tarwaɗa huɗu da ƙurungu bakwai, ɗaya daga cikinsu ya soke ni a yatsa na kwana ina jin zugi har kafaɗa. In aka kwatanta da kuɗin man da na ƙona, babu wanda ya taɓa cin ƙurungu mai tsadar nawa a Yawuri. Amma an yi farfesu, kuma na sha romon har da suɗe kwano.

Ga saƙona. In za ka zo hutun ƙarshen shekara, ka biya wurin masu kayan inji ka nemo mini fulogi biyu da robar nan mai tura ruwa, ta Yamaha doki 15, ta asali, don wadda na samu a nan ban yarda da ita ba. Zan turo maka hoton tsohuwar a waya don kada a haɗa ka da wata. Ka zo da rigar sanyi, iskar kan ruwa da asuba ba ta san ka fito daga Jos ba. Rigar ruwa ta shida taka ce, na ajiye, kuma a tsakiya zan zaunar da kai kusa da gwangwanin kwarfar ruwa.

Ka gaishe da Hajiya da kyau, ka ce ina neman addu'a. Ka gaida maiɗakinka da yara. Kawu na gaishe ka, ya ce ka zo ya ga ko kai ka fi ni kai.

Wassalam,
naka har kullum,
Amininka na Yelwa.